Inna da Tambaya ta Goma

Ni ɗan fari ne, Innarmu kuwa mace ce ta da, irin waɗanda ba sa wasa da kunya ko kaɗan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Akwai wani maƙwabcinmu mai irin sunana, idan ya leƙo neman man gyaɗa sai ta ce, "Mai suna, miƙo kwalbar." Da aka yaye ni, Gwaggo, yayar babanmu, ta zo ƙauyenmu da ke ƙasar Sule Tankarkar ta ɗauke ni ta tafi da ni Gumel. A can na tashi, a can aka sa ni boko. Idan an ba mu hutu na zo gida, ina yin sallama Inna za ta juya ta fuskanci bango, ko randa, ko duk abin da ke kusa, ta amsa can ƙasa-ƙasa. Maganar da za ta yi mini sai ta yi wa wani. "Ku ba yayanku ruwa." "Ku tambayi yayanku ko ya ci abinci." Ina tsugune kusa da ita, amma sai magana ta bi ta bakin ƙannena kafin ta iso gare ni.

Na san al'ada ce, kowa ya sani. Ba wanda ya taɓa ce mini Inna ba ta sona, ni ma ban taɓa faɗa ba. Amma tunda tsufa ya zo mini, bari in faɗi gaskiya: abin yana cin raina. Ina kallo za ta jawo Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, ta kwantar da kanta a cinya tana mata kitso, tana kiran sunanta tana mata kirari, ni kuwa ko launin idon uwata ban sani ba. Ƙeyarta na sani, da bayan kunnenta na hagu mai tsagaggen huji. Idan na koma Gumel na yi ƙorafi, Gwaggo ta ce, "Rufe mana baki, ja'iri! So kake a yi da ita a bakin rijiya, a ce ga wadda ba ta kunyar ɗan fari?"

Abin da zan ba da labarinsa ya fara ne kamar shekara biyu bayan babban farin nan da ya ƙarar da shanun mutane. Ina da shekara talatin da huɗu, ina aikin malamin asibiti a wani ɗakin shan magani da ke kan hanyar Maigatari. Farar riga, biro uku a aljihu, ga sabon babur. Wallahi a lokacin ji nake likitocin Kano ma ba su fi ni sanin komai ba. Babanmu ya rasu da shekara huɗu, ƙannena maza sun watse neman abinci, sai Auta, wadda ke aure a gidan da ke jikin namu, ita ke kula da Inna. Wata Alhamis mijin Auta ya biyo ta wurin aikina zai kai riɗi kasuwar Maigatari, ya ce Auta ta ce in zo in ga Inna. Na ce jiki ne? Ya ce jiki lafiya lau, ni dai in zo.

Da na je, Auta ta ja ni zaure ta zayyana mini. Inna, wadda ta yi shekara arba'in tana matsar man gyaɗa, ta soya gyaɗa ta juye a randar ruwan sha. Ta yi sallar azahar sau uku a rana ɗaya. Ta ɗora tukunya a murhu babu ruwa har ta fashe. Abin da ya fi tayar wa Auta hankali shi ne ranar da ta zuba tuwo a akushin babanmu, ta rufe da faifai, ta zauna tana mita wai ya daɗe a gona. Mutanen gari wasu suka ce tsufa ne kawai, wasu suka ce iska ce, ana ta kawo rubutu da hayaƙi. Ni kuwa na taɓe baki, na ce su bari masana su duba.

A lokacin akwai wani likita, ba ɗan ƙasar nan ba, da yake zagaya ɗakunan shan magani na wajenmu duk bayan wata uku a wata tsohuwar jif. Mutum ne mai haƙuri, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Da ya zo na faɗa masa da Turanci halin da Inna ke ciki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa wasu da tsufa, ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Ya ce ba a faɗawa cikinsa lokaci ɗaya, sauka ake yi taki bayan taki kamar mai shiga rijiya. Abin da za mu iya kawai shi ne mu san takin da take, don mu san lokacin da za a raba ta da wuta, da lokacin da ba za a bar ta ita kaɗai ba. Ya buɗe jakarsa ya ba ni wata takarda da aka buga da tafireta, mai tambayoyi goma, kowace tambaya maki ɗaya. A ƙasa an raba makin gida uku. Na sama, mantuwa ce mai sauƙi. Na tsakiya, mutum ya fara buƙatar mai tsaronsa. Na ƙasa kuwa sai dai a yi masa komai. Ya ce in riƙa yi mata duk bayan wata uku ina ajiyewa, mu ga saurin saukar.

Na karanta tambayoyin na kwashe da dariya. Wace shekara muke ciki? Yaushe aka haife ki? Ƙirga daga ashirin ki dawo baya. Wane ne shugaban ƙasa? A 'yan watannin nan ma an canza shugaban har sau biyu, ni kaina sai na tsaya na yi tunani. Na ce, likita, ko lokacin da Inna take budurwa aka yi mata waɗannan, rabi ba za ta ci ba. Shi ma ya yi dariya, ya ce to mu gyara. Muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar ɗakin shan magani muka mayar da su irin namu: yau wace rana ce, wane wata ake ciki, wane ne mai garinmu, raka'a nawa ce magariba, sai abu uku da za a faɗa mata ta riƙe a sake tambayarta daga baya. Tambaya ta goma ce kaɗai muka bari yadda take. Za a nuna mata wani na gida, a ce wane ne wannan, ta faɗi sunansa da abin da yake gare ta. Likita ya ce in nuna wanda ya fi kusa da ita.

Tun a gindin darbejiyar nan na san wanda zan nuna. Ban ce wa likita komai game da kunya ba.

Ranar Lahadi da hantsi na isa gida da takardata. Inna na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, tana jin sallamata ta gyara zama ta fuskanci rumbu. Na gaishe ta, na zauna a kan turmi, na zaro biro da wani irin ƙasaita. Ni ina tambaya, Auta na maimaita mata, ita kuma tana ba Auta amsa.

"Ki tambaye ta yau wace rana ce."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Mutum ya gama bokonsa bai san rana ba, sai ya zo ƙauye tambaya? Lahadi ce, ki gaya masa."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya, ni na murtuke fuska na ba da maki. Wata ya kuɓuce mata. Mai gari kuwa ta faɗi uban na yanzu, wanda ya rasu tun ina makaranta. Da aka zo kan magariba ta ce, "Uku mana, ko an ƙara ne ban ji ba?" Na ba ta abu uku ta riƙe, gero da akuya da allura. Da na sake tambaya bayan ɗan lokaci, ta ci gaba da murza gyaɗa, can ta ce, "Allura dai na riƙe, tunda ita ce sana'ar wasu." Sauran biyun sun tafi. Duk da haka ta ci shida cikin tara, kuma tana cikin raha, har tana tsokanata ta bayan fage, abin da ba kasafai take yi ba.

Sai ta goma. Na miƙe, na zagaya na tsaya a gabanta, tsakaninta da rumbu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta yi sauri ta kawar da kai ɗaya gefen.

Na ce, "Inna, wane ne ni?"

Auta ta ce, "Haba Yaya, ka nuna ni mana."

"Likita ya ce ni za a nuna." Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya nake. "Inna, ki dube ni ki faɗi sunana. Magani ne."

Hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗar. Ni kuwa wani abu da ya daɗe kwance a ƙirjina ya taso, na ji muryata ta hau sama ba da izinina ba. Na ce, "Ko kin manta ne? In kin manta ki ce kin manta, in rubuta!"

Ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba, kuma ko a lokacin ba da ni ta yi ba. Ta ce, "Auta, ki tambayi yayanku me na yi masa da zai tozarta ni a tsakar gidana."

Na rubuta sifiri a gaban tambaya ta goma, na danna biron har ya huda takardar. Ko furar da aka dama mini ban sha ba. Auta ta biyo ni zaure ina ƙoƙarin tayar da babur, idonta jawur, ta ce, "Wallahi Yaya ba likita ne ya aiko ka ba. Kai ka aiko kanka." Na ce ke me kika sani, na buga babur na tafi.

Wata uku da 'yan kwanaki ban taka ƙauyenmu ba. Na ce ƙyanda ce ta ɓarke a wajenmu, aiki ya yi yawa. Ƙyandar gaskiya ce, amma tafiyar ba ta kai awa biyu a babur ba, kuma Lahadi ba ta daina zuwa ba. Fushi nake, ina kuma jin kunyar kaina, na rasa wanne ya fi yawa. Sabulu da sukari nake aikawa ta hannun mijin Auta, wai ni na sauke nauyi. Daga baya Auta ta gaya mini cewa a watannin nan Inna tana tashi garau da safe, hankalinta a jikinta har wajen azahar, kuma duk Lahadi sai ta share ƙofar zaure da kanta, ta ce a ƙara furar yau, ba ta faɗin ta wane ne. Waɗannan su ne watanninta na ƙarshe masu kyau, ni kuwa na ƙarar da su ina kumbure-kumbure a bakin hanyar Maigatari.

Da likita ya dawo na miƙa masa takardar. Ya duba, ya ɗaure gira, ya ce abin da mamaki, mai cin shida ba ta cika kasa gane ɗanta ba. Sai na sunkuyar da kai na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa, ba ta zama inda yake. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Can ya ce, "To ai ta san ka. Da ba ta san ka ba, me zai sa ta ɓoye fuska?" Ya zare biro daga aljihuna, ya soke sifirin ya rubuta ɗaya. Ya tambaye ni yaya take yanzu, na ce ban je ba tun ranar. Ya mayar mini da biron, ya ce yau in rufe da wuri.

A ranar na tafi. Ina yin sallama ta juya wajen bango, wallahi sai na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na durƙusa na ce, "Auta, ki ce wa Inna ta yafe mini." Inna ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ki ba shi fura." Na sha furar nan har da kaɗe ƙwarya, na koma wurin aiki ina ganin magana ta wuce.

Daga nan ban sake fashin Lahadi ba. Takardar ma ba mu yar da ita ba, sai dai Auta ce ke tambaya ina rubutawa daga nesa, ta goma kuwa kanta take nunawa. Ba zan zagi takardar nan ba, ta yi mana amfani. Da maki ya sauko biyar, muka raba Inna da murhu, Auta ta riƙa kawo abinci daga gidanta. Da ya sauko uku muka sa wa ƙyauren zaure sakata daga sama, Auta ta dawo ɗakin Inna da kwana. Kafin mu sa sakatar ma sai da ta ba mu tsoro. Wata rana da la'asar aka neme ta aka rasa, sai wasu masu jakuna da ke dawowa daga wajen iyaka suka gamu da ita a kan turba da ƙullin tsummokara a ka, wai za ta gidansu a ƙasar Damagaram, innarta na jiranta. Innar tata ta rasu tun kafin a haife ni. Suka ɗora ta a jaki suka kawo mana ita, ƙafafunta duk ƙaya.

Ta manta sunan unguwarmu, ta manta yadda ake ɗaura zane, wata rana ma sai ta kira Auta da sunan wata ƙanwarta. Amma ni ina da nawa awon da ba ya cikin takarda. Duk Lahadi idan na jingine babur, sai in tsaya a zaure, in yi sallama, in leƙa. In na ga ta juya ta ba ni ƙeya, shi ke nan, na samu abin da na zo nema. Auta har tsokanata take, tana cewa, "Yaya, kai kaɗai ne a duniya ake juya wa ƙeya kana washe baki." Nakan ce ta bar ni, ba za ta gane ba.

Wata Lahadi ce bayan kaka, a shekara ta biyu, mata na ta sussuka a bayan gari. Na yi sallama kamar kullum na shiga. Inna na zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, Auta ta yi mata wanka ta sa mata kwalli. Ta ɗago kai. Na tsaya ina jira ta juya, ba ta juya ba. Ta dube ni tar, ido cikin ido, ta yi murmushi har na ga wushirya. Ban taɓa sanin Inna na da wushirya ba.

Ta ce, "Lale, lale da baƙo! Zo nan ɗan nan, zauna, rana ta dake ka." Ta daddaɓa tabarmar kusa da ita.

Auta na tankaɗe a ƙofar madafa, ta saki rariyar ta toshe bakinta da hannu biyu.

Na taka na je. Na zauna a tabarmar uwata, kafaɗata na gogar tata. Idonta ruwan ƙasa ne mai haske irin na Auta, da farin zobe na tsufa a gefe, ga wani ɗan tabo a girarta ta hagu. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Hannun malamai, babu kanta. Ɗan gidan wa?" Ta taɓa birukan aljihuna ɗaya bayan ɗaya. "Aikin asibiti kake? Allah sarki. Ni ma ina da ɗa mai irin aikinka, can wajen Maigatari. Ko ka san shi?"

Sai ta faɗi sunana. Ta faɗe shi sau biyu, ta ja ƙarshensa yadda ake yi wa jariri.

Tun ina ƙarami nake jiran wannan, na yi mafarkinsa, na yi wa uwata tsawa saboda shi. Da ya zo kuwa, ji na yi kamar an zare mini laka. Ita ko a jikinta, hira ta samu. Ta matso ta rage murya.

"Shi ne na fari. Ranar da yayar ubansa ta zo ɗaukarsa, na ce zan je ɗiban ruwa. Na laɓe a bayan kukar bakin gari ina kallon jakinsu har ya ɓace, nonona na zuba. Ba wanda ya sani. In ina daka ma da sunansa nake daka, taɓarya na rufa mini asiri. Kada ka gaya wa kowa fa."

Na gyaɗa kai.

"Amma ya yi fushi da ni," in ji ta. Murmushin ya tafi. "Ya zo da wata takarda yana ta tambayata, na kasa ba shi abin da yake so, ya tashi babur ɗinsa ya tafi. Tun ranar bai sake zuwa ba."

Ashe furar da na sha, da yafiyar, da duk Lahadin da na yi ta zuwa, babu ɗaya da ya zauna mata. Tafiyata ce ta zauna. Na riƙe hannunta gam na ce, "Inna, ni ne. Ni ne shi. Kullum Lahadi ina zuwa."

Ta yi dariya, ta ɗan doki kafaɗata. "Kai ɗan nan da tsokana kake! Da shi ne, ai da ba ka gan ni zaune haka ina kallonka ba."

Auta ta ruga ɗaki, ina jin kukanta daga nan. Ni ma na kasa riƙewa, na fashe da kuka a gaban Inna, ƙato da ni, da farar rigata. Ta kama bakin zanenta tana share mini fuska. "Haba, namiji da kuka? Taka uwar tana da rai?" Na ce tana nan. Ta ce, "To ka riƙa zuwa ganinta, ka ji? In kuma ka haɗu da nawa, ka ce masa ya yi haƙuri ya zo. Ba sai ya daɗe ba, ya yi sallama kawai in ji."

Da la'asar na zauna a zaure na zaro takardar. Na daɗe ina kallon tambaya ta goma. Wancan karon ta san ni, ta ƙi faɗin sunana, na ba ta sifiri. Yau ta faɗi sunan, ta faɗi abin da nake gare ta, ba ta san ni ba. Na duba sama na duba ƙasa, babu gurbin da zan rubuta wannan. Na ninke ta na mayar aljihu, ban sake cike ta ba. Da likita ya zo ya tambaya, na ce masa ta kai ƙasa. Ya dafa kafaɗata, muka ci gaba da duba masu jira.

Wata takwas na yi ina zuwa gidanmu a matsayin baƙo. Na gwada zuwa babu farar riga, na gwada sa babbar rigar babanmu, na ɗauko Gwaggo daga Gumel da tsufanta ta ce mata, "Ke, ga ɗanki nan fa," Inna ta gaishe ta da ladabi kamar ba ta taɓa ganinta ba. Duk a banza. Kuma akwai abin da nake jin nauyin faɗa: na ji daɗin zaman nan. Nakan yanke mata farce, in ba ta kunu a baki, ita kuma ta gutsuro ƙuli ta sa mini a hannu ta ce in ci in yi ƙiba. Duk abin da na yi kwaɗayi ina yaro na same shi, sai dai ba ni ake ba ba. Idan na hau babur zan koma, sai in ji ina jin haushin baƙon nan kamar in shaƙe shi. Kuma duk zuwa, komai ruɗewarta, sai ta tambaya, "Ka gaya masa?" In ce na gaya masa, yana nan tafe.

Da damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, Inna ta daina cin abinci ta kwanta. Na ɗauki hutu na dawo gida. Wata safiya da hantsi ina zaune a bakin gadonta, hannuna a cikin nata, Auta na gefe tana mata fifita. Idon Inna na kan ƙofa. Kwana biyu ke nan ba ta yi magana ba, sai kawai muka ji ta ce, "Bai iso ba?"

Na ce, "Yana hanya, Inna. Ya kusa."

Ta ɗan yi numfashi, ta ce, "To ɗan nan, taimake ni ka juyar da ni wajen bango. Ba ni da ƙarfi. Kada ya shigo ya same ni haka."

Na sa hannu na juyar da ita, ba ta fi damin kara nauyi ba. Na gyara mata matashi. Da na ɗago, Auta na kallona, ta nuna mini ƙofa da haɓa. Na fita a hankali ba takalmi, na je zaure na sa takalmana, na tsaya har numfashina ya daidaita. Sannan na dawo ina taka ƙasa da ƙarfi yadda na saba, na yi gyaran murya a ƙofar ɗaki, na yi sallama.

Ba ta amsa ba. Na sake yi, ba ta amsa ba. Daga inda nake ina hango farin gashin ƙeyarta, da zanen da ke ɗagawa yana sauka a hankali. Na durƙusa a nan bakin ƙofa na ce, "Na zo, Inna. Ki yafe mini na daɗe." Ban matsa kusa ba, ban tashi ba, har aka kira azahar.

Ba ta sake magana ba, bayan kwana biyu ta cika. Na tambayi Auta ya fi a ƙirga, tunda ita ce ke ganin fuskarta a lokacin, kullum amsarta ɗaya ce, "Yaya, idonta a rufe yake, wallahi ban sani ba." Auta ma yanzu ta rasu. Har yau ban sani ba ko shirun nan kunya ce, ko kuwa barci ne ya ɗauke ta kafin in iso.